Jami'o'inmu Da Lafiyar 'Yan Wasa: A Fara Daga Rano Da Kibiya

In kaka ta yi a ƙasar Rano da Kibiya, aka kau da amfanin gona, ɗan kuɗi ya shiga aljihun samari, sai ka ji kalangu ya fara tashi a bayan gari da la'asar sakaliya. 'Yan dambe su naɗe hannu da zare, 'yan kokawa su yi ɗamara, yaran makaranta kuwa su kafa duwatsu biyu a fili su ce sun sami raga. Mu ma 'yan kallo ne, ba mu ɓoye ba, kuma ba mu zo yau don mu kushe wa kowa wasansa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani abu ne da kowa ya sha gani a fagen dambe, har ido ya saba da shi. A nushi saurayi a muƙamuƙi ya faɗi, ya yi shiru kamar ba rai, a sheƙa masa ruwa ya farfaɗo, a riƙe shi a kai gefe, makaɗa su ci gaba da kiɗansu. Jibi ka je wani gari ka tarar da shi ya sake naɗe hannu. To, wa ya san abin da ya auku cikin kan yaron nan? Wa ya rubuta cewa wannan sumansa na uku ke nan a bana?

A ƙasashen da ilmi ya kafu, amsa tambaya irin wannan aikin jami'a ne. Shehunan malamai da likitoci su kan ɗauki ɗan wasa su auna shi kamar yadda malamin gona ya ke auna ƙasa kafin ya ba da shawarar taki: numfashinsa, da bugun zuciyarsa, da jininsa, da gumin da ya zubar, har abincinsa da barcinsa. Abin ba na jiya ba ne. Tun cikin 1923 wani shehun malami a Jami'ar Mancesta ta Ingila, A. V. Hill, ya ke gudu yana hura numfashi cikin jaka, don ya gane yawan iskar da jiki ke iya ɗiba sa'ad da a ke tsere. Nufin wannan ilmi biyu ne, watau a ƙara wa ɗan wasa ƙwazo, a kuma tsare masa lafiya. Na farkon shi ke jan hankalin masu neman kofi. Mu kam na biyun ya fi damunmu.

Mu fara da kai, tun da da shi muka buɗe magana. Cikin 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta bayanin wata cuta da ya lura da ita ga tsofaffin 'yan damben Turawa: hannu yana rawa, harshe yana sarƙewa, tafiya kamar ta mashayi. Aka daɗe ana zaton abin na 'yan dambe ne kaɗai. Sai cikin 2002, a birnin Pitsbag, aka kawo wa wani likita mai binciken gawa, Bennet Omalu, gawar Mike Webster, shahararren ɗan ƙwallon nan ta Amurka wadda a ke karo da ka, wanda ya rasu yana da shekara 50 bayan hankalinsa ya daɗe da taɓuwa. Omalu ɗan Nijeriya ne, haifaffen ƙasar Anambra, a nan gida kuma ya yi karatun likita. Da ya dubi ƙwaƙwalwar da ido bai ga kome ba. Amma da aka yayyanka ta aka sa a madubin likita, sai ga wani abu ya taru ya daskare a cikinta, sakamakon bugun da ta yi ta sha shekara da shekaru. Shi da abokan aikinsa na Jami'ar Pitsbag suka buga wannan bayani cikin 2005. Likitocin masu ƙwallon suka yi masa ca, suka nemi a janye takardar, amma daga bisani sai da shugabannin wasan suka amsa cewa akwai dangantaka tsakanin karon da cutar.

Akwai wani binciken kuma da mu ke roƙon akawuna su karanta sau biyu. Cikin 2019 Jami'ar Gilasgo ta bi tarihin tsofaffin 'yan ƙwallon ƙafa 7,676 na ƙasar Sikotland, ta gwada su da wasu maza tsararrakinsu waɗanda ba sana'arsu ke nan ba. Aka tarar mutuwa ta hanyar cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka sau uku da rabi a cikin 'yan ƙwallon. Saboda haka cikin 2020 Ingila da Sikotland suka hana a koya wa yaran firamare sa wa ƙwallo kai a wurin horo. Ku lura, a wannan bincike ba wanda aka tsaga. Takardu kurum aka bi: rajistar 'yan wasa, da takardun asibiti, da takardun mutuwa, waɗanda wasu akawuna suka cika shekaru da yawa da suka wuce ba su ma san amfanin da za su yi ba. Za mu komo kan wannan. A yanzu dai mu yi tambaya: in ƙwallo, wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, ana tuhumarta da wannan ɓarna, ina ga dunƙulen hannun ƙato da aka naɗe da zare ya yi tauri kamar guduma, a fagen ƙauye inda ba a auna nauyin abokan karawa, ba kuwa abin da ke tsare haƙora?

Sai zuciya. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Ikko, Nijeriya tana karawa da Angola, bai sake tashi ba; da aka bincika aka ga zuciyarsa ta yi girma fiye da kima. Ranar 8 ga Maris 2020 haka ta sami Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United a Lafiya, suna wasa da Katsina United, kwamitin da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta naɗa kuwa ya ce a filin nan babu motar asibiti mai aiki a ranar. A shekara mai bi mata, ranar 12 ga Yuni 2021, Christian Eriksen na Danmak ya faɗi a Kwafanhagan, zuciyarsa ta tsaya, duniya tana kallo. Nan da nan aka shiga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya tashi, har ya koma wasa bayan 'yan watanni. Rai a hannun Allah ya ke, ba mu musa ba. Amma likitoci sun ƙididdige cewa in zuciya ta tsaya, kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi kome ba, rabon tsira yana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari. Dogara ga Allah kuwa ba ta taɓa hana Musulmi neman magani ba.

Har ila yau ana iya gane mai irin wannan larura tun kafin ya faɗi. Nwankwo Kanu, bayan ya ciwo wa ƙasar nan zinariya a Atlanta cikin 1996, likitocin ƙungiyar Inter Milan ne suka duba shi suka ga wata ƙofar zuciyarsa ba ta da lafiya, aka yi masa aiki a Amurka, ya komo ya yi wasa shekaru da yawa. Ba dace ba ne kurum. Tun 1982 dokar Italiya ta tilasta a duba kowane ɗan gasa kafin a bar shi ya shiga fili. Likitocin Jami'ar Padua suka bi lissafin lardinsu daga 1979 zuwa 2004, suka ga mutuwar fuju'a a cikin 'yan wasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. Gaskiya ne, akwai masana a wasu ƙasashe da ba su sami irin wannan sakamako ba, har yau kuma ana muhawara kan ko ya wajaba a sa wa kowane yaro na'urar auna bugun zuciya. Amma ba mai jayayya cewa ya kamata a tambayi yaro ko ya taɓa suma yana cikin gudu, ko ƙirji ya kan yi masa ciwo, ko wani danginsa ya taɓa mutuwa farat ɗaya da ƙuruciya. Tambayoyin nan ba su bukatar lantarki.

Watakila wani ya ce, tun da Turawa sun riga sun yi binciken, mu ɗauko littattafansu mu yi aiki da su mana, me zai sa mu wahal da kanmu? Nan ne gizo ke saƙa. Rigar da aka ɗinka wa wani ba lalle ta zauna maka ba. Likitocin Jami'ar St George's ta Landan, ƙarƙashin Sanjay Sharma, sun nuna cewa zanen bugun zuciyar ɗan wasa baƙar fata ya kan fito da wasu alamu waɗanda a jikin Bature abin tsoro ne, amma a jikinsa shi lafiya ce lau. Da ma'aunin da aka tsara kan Turawa, sai a riƙa hana yara masu ƙoshin lafiya wasa a banza, har sai da aka gyara ma'aunin. To, waɗannan ma 'yan wasa ne da ke zaune a Turai, suna cin abincin can, suna shan iskar can.

Ga kuma maganar sikila. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabinta, watau jinin AS, yawancinsu kuwa ba su sani ba, gama ba su ciwo. Wani bincike da aka buga cikin 1987 kan kuratan sojan Amurka ya nuna masu irin wannan jini sun fi 'yan'uwansu mutuwar fuju'a a lokacin horo mai tsanani fiye da sau ashirin. Amma wani da Jami'ar Stanford ta buga cikin 2016, kan soja baƙar fata kusan 48,000, bayan an kafa dokar shan ruwa da hutawa da ƙara nauyin horo sannu a hankali, bai sami wani bambancin mutuwa ba. Watau maganin abin ba korar yaro daga fili ba ne, sanin yadda za a tafiyar da shi ne. Muna jan kunnen malamai a nan ƙwarai: kada wani ya ji wannan ya mai da jinin yaro abin gori a cikin aji.

Zafi fa? A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil alƙalin wasa ya tsai da wasan Holan da Meziko don 'yan wasa su sha ruwa, saboda zafi ya wuce iyakar da likitoci suka yanka. A ƙasar Kano kuwa zafi ya kan kai digiri 40 a watan Afrilu, a kuma fito da yara tsere bayan tashi daga makaranta. Daga 2022 zuwa 2024 azumi ma cikin bazara ya faɗo. An yi bincike a Tunis a azumin 2006 kan samari 'yan ƙwallo, aka ga ƙwazonsu bai ragu da yawa ba. Madalla. Sai dai a watan Satumba da Oktoba aka yi shi, a bakin teku, samarin kuma suna samun abinci isasshe da likita a kusa. Wa zai ɗauki wannan ya yanke hukunci kan ɗan Rurum ko ɗan Tarai, wanda ya yi sahur da ɗumamen tuwo, ya wuni a gonar rani, ya zo fili da yamma? Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama cikin 1974, tana maƙwabtaka da ƙasar Rano, ta kuwa kawo arziki mai yawa. Amma duk inda ruwa ke kwance a magudanan noman rani, dodon koɗi ya kan yaɗu, shi ne kuwa masaukin ƙwayar tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini, wanda wasu ke ɗauka alamar balaga ce, jininsa raguwa ya ke yi kullum. In ya gaji tun zagaye na farko sai a ce rago ne. Wannan ba za ka same shi a littafin da aka rubuta a Gilasgo ba.

Wa zai rubuta namu? Ai ba mu rasa masu yi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana nan tun 1962, Jami'ar Bayero ta Kano ta cika jami'a tun 1977, kowace tana da sashen koyar da motsa jiki da kiwon lafiya, kowace tana da makarantar likitoci da asibitin koyarwa. Daga ko wace ɗayansu mutum zai yi sammako ya iso Rano ya yi aikinsa ya koma ya kwana a gida. Kowace shekara ɗalibai masu yawa suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, sau da yawa kuwa abin ya kan ƙare a kan 'yan takardun tambayoyi da aka raba wa abokan aji, a ɗaure kundi a ɗora kan kanta, ƙura ta gaje shi. Masana daga Kwafanhagan, su Bengt Saltin, sun ƙetare teku sun je tuddan Kenya suna auna yaran makaranta da manyan 'yan tsere, suka buga sakamako cikin 1995, suka nuna cewa 'yan Kenya ba su fi Turawan arewa yawan ɗibar iska ba, tattalinta a cikin gudu suka fi su. In baƙo zai yi wannan doguwar tafiya don yaran wasu, bai kamata a ce tafiyar safe ɗaya ta gagari na gida ba. Masarautar Rano, yadda dokar 2024 ta tsara ta, ƙananan hukumomi uku ce, Rano da Bunkure da Kibiya. Ƙasa ce daidai wa daida: akwai masu noman rani, akwai masu noman damina kaɗai, akwai Fulani, akwai mahauta waɗanda dambe gadonsu ne. Mai bincike ba zai so wurin farawa da ya fi wannan ba.

Amma shehun malami ba zai zo ya tarar da fili fetal ya yi abin kirki ba, nan kuwa maganar ta komo kanku, akawuna da malaman makaranta. Waɗanda kuka gada a zamanin En'e sun iya rajista. Malamin haraji ya san kowane baligi na kowace unguwa, malamin jangali ya san yawan shanun kowace ruga. En'e ta kau cikin 1976, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano cikin 1979, ba kuwa wanda ya yi kukan rabuwa da su. Sai dai muna ganin bai kamata gwanintar ta bi su kabari ba. In an iya ƙirga saniya don a karɓi kuɗi, a iya ƙirga yaro don a tsare ransa. Malamin wasanni na kowace makaranta ya buɗe littafi guda: sunan yaro, da shekarunsa, da tsawonsa da nauyinsa sau ɗaya a kowane zango, da lokacin da ya ɗauka a tseren mita ɗari, sa'an nan duk ranar da ya suma, ko ya karye, ko ya goce, ko fitsarinsa ya sauya launi, a rubuta kwanan wata da lokacin da abin ya faru. 'Yan mata ma a sa su, gama ƙarancin jini ya fi kama su bayan sun balaga. Awon tela da sikeli da agogon waya sun isa. Littafin amana ne, ba na ajiye wa a kan tebur kowa ya buɗa ba, ba kuma za a miƙa wa mai bincike ba sai da yardar iyaye.

Fagen dambe ya fi wuya, mun sani. 'Yan dambe matafiya ne, yau suna nan gobe suna can, suna kuma zargin duk ɗan boko da ya zo da takarda cewa ya zo ne ya kashe musu sana'a. Suna da hujja, gama an sha raina su. Saboda haka ba da umurni za a shiga ba, ta hannun sarkin fawa da manyan 'yan dambe da makaɗansu za a bi, a kuma saurare su, domin sun san abubuwa game da jikin ɗan dambe waɗanda ba su cikin kowane littafi. Mai ɗori ma abokin aiki ne, shi ya fi kowa sanin yawan hannuwan da ke karyewa a kaka guda. Abin da mu ke roƙo kaɗan ne. Duk wanda ya zo neman izinin kafa wasa wurin hakimi ko ofishin ƙaramar hukuma, a sa masa sharaɗi ya ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fage, da mota a tsaye da mai a cikinta, akawu kuma ya karɓi lissafin waɗanda suka suma. A damben zamani, wanda aka buge ya suma ba ya sake shiga fage sai bayan kwana talatin aƙalla, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne mai kisa. Wannan doka ba ta rage wa kowa jarunta ba. Akwai kuma maganar ƙwaya, wadda ba a son faɗa da ƙarfi. Tramadol tana kashe jin zafi, har mutum ya ci gaba da faɗa da rauni bai sani ba, in ta yi yawa kuma ta kan kawo farfaɗiya. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta a lokacin gasa tun daga Janairu 2024. Yadda abin ya ke a fagagenmu, sai mai bincike wanda 'yan wasa suka amince da shi zai iya jiyowa, ba ɗan sanda ba.

Mun san za a ce mana, mutane suna fama da zazzaɓin cizon sauro da tsadar taki, ku kuna maganar 'yan dambe. To, littafin da zai nuna yaron da ke suma a fili shi ne dai zai nuna ajin da tsargiya ta mamaye, da unguwar da yaranta ba su girma yadda ya kamata. Maganin tsargiya kuwa 'yan ƙwayoyi ne da a ke sha rana ɗaya, an kuwa saba raba su a makarantu. Sanin inda za a kai su shi ne aikin.

Sharaɗi ɗaya mu ke so hakimai da shugabannin makarantu su kafa wa duk jami'ar da ta amsa wannan kira. Wanda ya zo ya auna 'ya'yanmu, ya komo ya gaya mana abin da ya gani, da Hausa, a gaban iyaye da malamai da 'yan wasan kansu, kafin ya kai shi wata mujalla a ƙasar waje. Yaron da aka ga alamar ciwo gare shi kuma a ba shi takarda zuwa asibiti a ranar, kada a bar shi ya zama lamba a cikin jadawali. Malamai kuwa ba sai sun jira zuwan kowa ba, ranar da aka koma makaranta ma ana iya ja wa shafin farko layi. A nemi littafi mai bango mai kauri, a rubuta da biro, a kuma yi kwafi biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, gama gara da yoyon damina ba su raga wa takarda a ofisoshinmu.